Muhawara: Shin ƙananan halittun teku suna jin warin mai cin su?

Bazazzagi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata tambaya ce wani ɗalibina ya yi mini a aji makon jiya, na ba shi amsa a lokacin don kada darasi ya tsaya, amma ni kaina amsar ba ta kwanta mini ba. Muna kan darasin yadda halittun teku ke cin junansu ne, na gaya musu cewa tushen abincin teku duka shi ne filankiton, wato ƙananan halittun da ke yawo a cikin ruwa, igiya tana kai su inda ta ga dama. Wasunsu tsirrai ne masu ƙwayar halitta ɗaya tak, dangin gansakuka, wasu kuma dabbobi ne 'yan mitsi-mitsi da ke kiwo a kan tsirran. Na ƙara da cewa waɗannan tsirran da ido ba ya gani su ke yin kusan rabin aikin da tsirran duniya gaba ɗaya ke yi na juya hasken rana ya zama abinci. Sai yaron ya ɗaga hannu ya ce, tun da ba su da ƙafar gudu, ba su da ido, ba su da ramin shiga, me ya hana masu cin su su cinye su ƙarƙaf? Na ce masa saurin hayayyafa ne ke cetonsu. Bayan kwana biyu wani abokin aiki ya ce mini ai suna jin warin mai cin su tun kafin ya iso, har su yi masa shiri. Maganar ta yi mini kama da tatsuniya, shi ya sa na kawo ta nan, ko Allah zai sa a samu wanda ya san gaskiyarta.

'Yar Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba tatsuniya ba ce, kuma fannin da nake karantawa ke nan, saboda haka a yi mini afuwa idan na tsawaita. Babban mai kiwo a kan tsirran teku shi ne kofefod, ɗan ƙaramin dangin jatan lande, wanda mafi yawan irinsa ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba, amma suna cikin dabbobin da suka fi yawa a duniya. A binciken da aka buga a shekarar 2006, Erik Selander da abokan aikinsa na Jami'ar Gotenbag a Suwidin suka sa wani kofefod mai suna Acartia tonsa a cikin ɗan keji mai raga, suka tsoma kejin a cikin kwalbar da ake renon wani tsiro mai guba, Alexandrium minutum. Kofefod ɗin ba ya iya kaiwa ga tsiron da ke wajen kejin, ruwa kaɗai ke ratsa ragar. Duk da haka gubar da ke cikin tsiron ta ƙaru har ta kai ninki biyu da rabi, kuma da aka ba kofefod waɗannan ƙwayoyin sai ya rage cin su.

An ɗauki shekara tara kafin a gano abin da ke ratsa ragar. A 2015 suka ware wasu sinadarai takwas, dangin kitse, masu ɗauke da wani sinadari mai suna taurin, waɗanda ke fita daga jikin kofefod, suka raɗa musu suna kofefodamaid. Da aka ɗiga su tsantsa a ruwan tsiron, babu kofefod ko ɗaya a kusa, gubar ta kai ninki 20. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ake buƙata. Idan aka cika tafki mai tsawon mita 50, faɗin mita 25, zurfin mita 2, abin da zai sa tsiro ya fara ji bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba.

Bakatsiniya:
Ƙanwata, bayaninki ya fita, kuma ba ni da ja a kan gwajin. Inda nake da ja shi ne kalmomin da muke ɗora wa abin. Malam ya ce suna jin wari, suna yin shiri, wasu ma na ji suna cewa halittun suna aika wa juna saƙo. Na shekara talatin ina haɗa magani, na kuma san cewa ƙwayar halitta ba ta da hanci ballantana niyya. Sinadari ne ya taɓa wani wuri a jikinta, wani aiki ya tashi a ciki, kamar yadda yisti ke tayar da ƙullu ba tare da ƙullun ya san komai ba. Idan muka koya wa yara cewa gansakuka na sauraren maƙiyinta, ina tsoron mu mayar da kimiyya labarin Gizo da Ƙoƙi. Sannan saƙo ai sai da mai aikowa. Wane mahaukacin mafarauci ne zai aika wa nama cewa ga shi nan tafe?

'Yar Damagaram:
Hajiya, a kan maganar saƙo ina tare da ke, kuma masanan da kansu sun raba kalmomin. Akwai feromon, kalmar da aka ƙirƙira a 1959, wanda shi ne sinadarin da halitta ke fitarwa don 'yar'uwarta ta ji, dukansu su amfana. Kofefod ma na da shi: macen Temora longicornis tana barin wani siririn sawu na ƙamshi a bayanta, namijin ya ci karo da shi ya bi shi lanƙwasa bayan lanƙwasa har ya cim mata. Hakan na yiwuwa ne saboda ga halitta mai wannan ƙanƙanta ruwa yana da kauri kamar zuma, abin da aka zuba a ciki ba ya watsewa nan take. Sai kuma kairomon, kalmar 1970, wanda shi ne sinadarin da ke kuɓuce wa mai shi, wani dabam ya amfana, shi kuwa ya yi asara. Kura ba ta aika wa akuya komai ba, amma akuya ta ji warin kura ta bar wurin. Kofefodamaid a wannan ɓangaren yake. Amma batun jin wari ba zan sake shi ba, domin hancinmu ma abin da yake yi ke nan: sinadari ya taɓa ƙwayar halitta, aiki ya tashi.

Ɗan Yawuri:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma a gidan masunta na tashi, kuma tun muna yara ake ce mana kifi na ganinka mai jar koma. Duk masuncin kirki ya san dole ya ɓoye kansa, ya kula da inuwarsa da ƙarar filafilinsa. To 'yata, ga tambayata. Idan wannan warin yana jawo wa ɗan ƙwaron nan asarar abinci, kuma an ce sun daɗe a tekun tun kafin a yi mutane, me ya sa bai daina fitar da shi ba? Wanda ya fi iya ɓoye warinsa ai shi zai fi ƙoshi, ya fi barin baya, a wayi gari duk sun zama marasa wari.

'Yar Damagaram:
Baba, ka taɓo inda abin ya fi daɗi. Amsar da ta fi ƙarfi ita ce, abin da ke tona wa mai ci asiri yana haɗe da cin kansa, ba ya iya barin ɗaya ya riƙe ɗaya. Hujja mafi bayyana daga ruwan daɗi ta zo. Akwai wani ɗan ƙwaron tafki mai suna Daphnia wanda idan akwai kifi a tafkin yakan nutsa can ƙasa inda duhu yake da rana, sai dare ya hau sama ya yi kiwo. An daɗe da sanin cewa ruwan da kifi ya zauna a ciki kaɗai ya isa ya sa shi yin haka, amma sai a 2019 masu bincike na Jami'ar Kolon a Jamus, ƙarƙashin Eric von Elert, suka gano sinadarin: wani gishiri ne na ruwan matsarmamar kifi, wanda kifin ke narkar da kitse da shi. Kifi ba zai daina yin ruwan matsarmama ba sai dai ya daina cin abinci. Shekara ɗaya kafin wannan an gano makamancinsa a tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro, Chaoborus, wadda ke cin Daphnia: a lokacin da take narkar da abin da ta kama ne take sakin sinadaran da ke sa 'ya'yan Daphnia su fito da 'yan ƙayoyi a ƙeyarsu. Kofefodamaid ma yana da kama da gishirin matsarmama a ƙirarsa, shi ya sa ake kyautata zaton wajen narkar da abinci yake aiki. Ta wannan hanyar labarin da tsiro ke samu ba ya ƙarya, domin ba ga kasancewar maƙiyi kaɗai yake nuni ba, har da cewa maƙiyin yana kan ci.

Tsohon Malamin Asibiti:
Da na ga an ce kofefod sai zuciyata ta koma shekarun da muka yi muna yawo ƙauye-ƙauye da ƙyallen tace ruwa. Jama'a, wannan dabbar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ƙwaron kududdufi da ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu, wanda ake kira Cyclops, kofefod ne na ruwan daɗi. Shi ne ke haɗiye 'ya'yan tsutsar, mutum ya sha ruwa ya haɗiye shi, bayan kamar shekara guda tsutsa ta fasa ƙafa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya, na ƙarshe kuwa an gan shi a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar. A Cadi har yanzu ana fama da ita, musamman a jikin karnuka a gaɓar kogin Shari. Idan ka ɗaga kwalbar ruwan kududdufi ga rana za ka gan su, fararen ɗige-ɗige suna tsalle. Na faɗi wannan ne don Malam ya san yana da abin nuna wa yara ba sai ya je teku ba. 'Yata, su ma na kududdufin suna fitar da wannan sinadarin?

'Yar Damagaram:
Suna fitarwa, Baba. An auna kofefod na ruwan daɗi a Suwidin an sami kofefodamaid a jikinsu, sai dai haɗin nasu ya bambanta da na teku.

Ina so in ƙara cewa guba ɗaya ce kawai daga cikin dabarun. Akwai dayatom, tsirrai masu zama a cikin ɓawon silika, sinadarin yashi da ake yin gilashi da shi. Wani daga cikinsu, Skeletonema marinoi, yakan jeru kamar tsakiyar wuya, ƙwaya bayan ƙwaya, amma da ya ji kofefod sai jerin ya tsinke ya koma ɗai-ɗai ko bibbiyu, waɗanda suka fi wuyar samu. Wasu dayatom ɗin kaurara ɓawonsu suke yi, alhali kofefod da yawa suna da haƙora masu rufin silika don fasa shi. Alexandrium tamarense kuwa, wanda ke iyo da 'yan bulalai biyu, idan yana jere yakan fi sauri, ya fi motsa ruwa, kofefod kuma da motsin ruwa yake gane abinci, ta gashin da ke kan dogayen ƙahonninsa. A 2011 aka nuna cewa warin kofefod na sa jerin ya rabu, gudun ya ragu, ya koma sanɗa.

Wanda na fi so in kawo wa Hajiya shi ne Phaeocystis globosa, tsiron da ke iya zama ƙwaya ɗaya ko ya dunƙule da dubban 'yan'uwansa a cikin ƙwallon yauƙi. Yana da maƙiya iri biyu: ƙananan halittu masu gashi da ke cin ƙwaya ɗai-ɗai amma dunƙule ya fi ƙarfin bakinsu, da kofefod da ya fi son dunƙulen. A gwajin da Jeremy Long da Mark Hay da abokansu suka yi a Amurka, suka buga a 2007, warin masu gashin ya ƙara yawan dunƙulewa da fiye da kashi 25 cikin 100, warin kofefod kuwa ya rage ta da kashi 60 zuwa 90. Tsiro ɗaya, maƙiyi biyu, amsa biyu masu kishiyantar juna.

Ɗan Zangon Takoradi:
Salamu alaikum. Ni a bakin teku aka haife ni, kuma akwai abin da na sha gani wanda ban taɓa samun mai yi mini bayaninsa ba. Wani dare idan babu wata, in jirgin masunta ya tsaga ruwa sai ka ga shuɗin haske yana bin bayansa kamar tartsatsi, in ka sa hannu ka motsa ruwan ma haka. Yaya, shin wannan ma yana cikin maganar? Sannan a nan Gana daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku, ruwa ya canza launi, kifin sadin ya yawaita har ya yi araha a kasuwa.

'Yar Damagaram:
Yana ciki ƙwarai, ƙanena. Hasken nan tsirrai ne dangin Alexandrium ke yin sa idan an taɓa su, kowace walƙiya takan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. An nuna cewa kofefodamaid na sa ɗaya daga cikinsu, Lingulodinium polyedra, ya ƙara ƙarfin haskensa, kuma a hotunan bidiyo masu sauri da aka ɗauka a Gotenbag an ga kofefod ya kama ƙwaya, ta yi walƙiya, ya sake ta. Akwai kuma tsohon bayani tun na 1943 wanda ya ce hasken ihun ɓarawo ne: mai gida ba ya iya kama ɓarawon, amma ya kwarma ihu maƙwabta su fito, wato hasken ya nuna wa kifi inda kofefod yake. Ruwan sanyin da ka ambata shi ke kawo taki daga ƙasa, dayatom su yi yawa, wani babban kofefod mai suna Calanoides carinatus ya mamaye ruwan gaɓar Gana a wannan lokacin, sadin kuma ya bi shi. Kifin da kake saya da araha a Agusta a kan wannan kokawar ya yi ƙiba.

Bakatsiniya:
Misalin Phaeocystis ya shige ni, na yarda cewa abin ya fi yisti da ƙullu. Amma bari in kawo jayayya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Duk abin da aka lissafa a kwalba aka yi shi. A sana'armu mun sha ganin maganin da ya kashe ƙwayar cuta a faranti, aka ba mutum bai yi komai ba. Kwalba ba ta da igiya, ba ta da zurfi, tsiro iri ɗaya ne a cikinta, kuma mai gwaji ne ke zaɓar yawan abin da zai zuba. Kuma idan ban manta ba, a wannan fannin naku an taɓa yin irin wannan zumuɗin. A 1999 masu bincike na cibiyar nazarin halittun teku ta Nafuli a Italiya suka ba da rahoton cewa dayatom na fitar da wasu sinadarai idan an tauna su, waɗanda ke hana ƙwan kofefod ƙyanƙyashewa, har suka ce a tekun Adiriyatik kashi 12 cikin 100 ne kawai suka ƙyanƙyashe a lokacin yawan dayatom, alhali bayan lokacin kashi 90 ne. Aka yi ta cewa tsiro na yi wa maƙiyinsa maganin hana haihuwa. Bayan shekara uku Xabier Irigoien da wasu masana da dama suka tattara awo daga yankuna 12 na tekunan duniya, ba su ga cewa yawan dayatom na rage ƙyanƙyasa ba. To me zai hana kofefodamaid ya bi wannan hanyar?

'Yar Damagaram:
Hajiya, kin tuna daidai, kuma har yau ba a rufe wannan takaddamar ba. Abin da ya fito daga baya shi ne ba kowane dayatom ke yin waɗannan sinadaran ba, ko a cikin iri ɗaya ma wani yana yi wani ba ya yi, kuma kofefod a teku ba abu ɗaya yake ci ba. Akwai kuma matsala a tunanin kansa: ƙwayar da aka tauna ta riga ta mutu, cutar da 'ya'yan kofefod bayan kwanaki ba za ta dawo da ita ba, amfanin kuwa kowa da ke cikin ruwan zai raba, har da tsirran da ba su kashe komai ba. Kofefodamaid ya bambanta ta wannan fuskar, domin ƙwayar da ta ƙara guba ko haske ko ta fita daga jeri ita da kanta take tsira. An ga wannan da ido a Danmak, a ɗakin gwajin Thomas Kiørboe, inda aka ɗauki bidiyon kofefod yana kama ƙwaya mai guba, ya ɗan jujjuya ta, ya yar da ita da rai.

A kan maganar kwalba kuwa, mutanen Gotenbag sun auna kofefodamaid a ruwan gaɓar yammacin Suwidin tsawon shekara, suka buga sakamakon a 2019. Adadin yana hawa da sauka tare da yawan kofefod, kuma a wani ɓangare na shekara yana kaiwa matakin da ke tayar da tsirrai a kwalba. Wannan bai kai a ce shi ke juya tekun ba, amma ya kawar da zargin cewa a ɗakin gwaji kaɗai ake samun isasshensa.

Bazazzagi:
Ina biye da ku, kuma ga abin da ya tsaya mini. Idan guba tana kare tsiro, me ya sa ba ya cika cikinsa da ita kullum, sai ya jira ya ji wari? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Dole akwai abin da yake biya.

'Yar Damagaram:
Haka hankali ya nuna, Malam, amma auna farashin ya ba masana wuya. A kaurin ɓawo an gan shi sarai, dayatom ɗin da ya kaurara ɓawonsa yakan rage saurin rabuwa. A guba kuwa sakamakon ya saɓa. Gubar Alexandrium, wato saksitoksin da danginta, tana cin naitirojin da yawa, wanda shi ne takin da ya fi ƙaranci a teku, saboda haka ana sa ran a ga tsiron ya rage girma. Wasu gwaje-gwajen sun ga hakan, wasu kuma sun ƙara gubar ninki-ninki ba su ga ragin komai ba. Ni a ganina farashin yana nan, sai dai kwalba ce ke ɓoye shi, tun da a cikinta babu abokin takara, babu ƙwayar cuta, babu nutsewa. A nan maganar Hajiya ce ta dawo, amma ta ɗaya gefen.

Kuma maƙiyin bai zauna ba. Hans Dam da ɗalibansa a Amurka sun nuna cewa kofefod na gaɓar jihar Maine, inda Alexandrium ke yawan fitowa, sun fi jure gubar a kan 'yan'uwansu na kudu da ba su saba da ita ba.

Tsohon Malamin Asibiti:
Nan ne abin ya shigo gonata, domin wannan gubar ba ta tsaya a kan kofefod ba. Dabbobin ruwa masu ɓawo biyu, irin waɗanda muke kira ƙumba a bakin kogi, tace ruwa suke yi su ci abin da ke ciki, sai gubar ta taru a namansu. Saksitoksin na toshe ƙofofin da sodiyam ke bi a jijiya, mutum ya fara jin leɓensa ya mutu, daga nan hannu da ƙafa, in ta yi yawa numfashi ya tsaya. Ba ta da makari, dafuwa kuma ba ta kashe ta. A 1987 a gaɓar Gwatamala mutum 187 suka kamu, 26 suka rasu. A 1987 ɗin dai a tsibirin Prince Edward na Kanada wata gubar dabam, domoyik asid, wadda dayatom mai suna Pseudo-nitzschia ke yi, ta kwantar da sama da mutum 100, uku suka rasu, wasu kuma suka tashi ba sa iya riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwarsu. Shi ya sa ƙasashe da yawa ke hana sayar da naman idan saksitoksin ta wuce maikirogiram 800 a kilo, ko domoyik asid ta wuce miligiram 20. Ruwa ba ya tsami banza. Idan warin kofefod na cikin abin da ke tayar da gubar, ashe mai sa ido a kan lafiyar jama'a bai kamata ya ƙirga tsirrai kaɗai ba.

'Yar Damagaram:
Wannan shi ne abin da ake gwadawa yanzu, Baba. Ita ma domoyik asid an nuna tana ƙaruwa da warin kofefod: a gwaje-gwajen da aka yi da ruwan mashigin Disko a Girinlan, Pseudo-nitzschia seriata ya ƙara guba sosai da aka haɗa shi da kofefod na jinsin Calanus. A Suwidin kuma an gwada auna kofefodamaid a jikin ƙumbar teku kanta, don a ga ko zai ba da gargaɗi tun kafin gubar ta hau.

Ɗan Zangon Takoradi:
Yaya, tun da ana maganar wari, shi warin tekun kansa fa? Baƙin da ke zuwa mana daga arewa tun kafin su ga ruwa suke cewa sun ji shi.

'Yar Damagaram:
Wani ɓangare na wannan warin wani iskar sulfa ne da ake kira DMS. Tsirrai da yawa, irin su Emiliania huxleyi da Phaeocystis ɗin da na ambata, suna ajiye wani sinadari a cikinsu, idan aka fasa ƙwayar sai wani inzayim, sinadari mai hanzarta aiki a cikin ƙwaya, ya tsaga shi, DMS ya fita. Tun 1986 aka nuna cewa kiwon ƙananan dabbobi na ƙara fitarsa ƙwarai. Wannan karon warin wanda ake ci ne ke tona asirin mai ci. A binciken da aka buga a 1995, Gabrielle Nevitt ta zuba mai da aka sa wa DMS a kan ruwa a tekun kudu, kusa da tsibirin South Georgia, sai wasu ƙananan tsuntsayen teku masu cin jatan landen kiril suka taru a wurin. Tsuntsu ya bi warin, ya sami kiril yana kiwo, ya cinye shi, kashinsa kuma ya mayar wa ruwan da sinadarin ƙarfe da tsirran yankin ke ƙishirwarsa. Abin takaici, a 2016 aka gano cewa roba idan ta yi makonni uku a teku gansakuka na kama ta har ta ɗauki wannan warin, kuma tsuntsayen da ke bin DMS su ne aka fi samun roba a cikinsu.

Bakatsiniya:
A nan ma sai mun yi hattara da cewa tsiro ya kira tsuntsu. Ƙwayar da aka fasa ba ta kira kowa ba, tsuntsun ne ya koyi bin warin mayanka, kamar ungulu. Amma na janye maganata ta farko a kan wari, Malam na iya faɗa wa yara haka, muddin ya raba musu feromon da kairomon.

Bazazzagi:
Na gode, Hajiya. Yanzu ina tunanin in nuna musu a aikace. Muna da madubin ƙara girma guda biyu a makaranta, ga kududdufi a bayan gari. Akwai gwajin da za mu iya?

'Yar Damagaram:
Akwai, Malam. A 1993 Dag Hessen da Ellen van Donk suka nuna cewa wata koriyar gansakukar tafki, Scenedesmus, wadda ke zama ƙwaya ɗai-ɗai idan an rene ta ita kaɗai, takan haɗu hurhuɗu ko takwas-takwas idan ta ji ruwan Daphnia. Ana samun ta a kududdufai da yawa, kuma madubin makaranta yana nuna ta. Ku raba koren ruwa kwalba shida, ku zuba wa uku ruwan da ƙwarin kududdufi suka kwana biyu a ciki bayan kun tace su, sauran ukun kuma ruwa iri ɗaya wanda babu ƙwaro da ya zauna a cikinsa. Bayan kwana biyu zuwa uku ku ƙirga ƙwaya nawa ke cikin kowane jeri. Sai dai wadda kuka ɗebo daga kududdufi mai yiwuwa ta riga ta ji wari ta haɗu, saboda haka ku fara tace ƙwarin ku rene ta ita kaɗai na mako ɗaya ko biyu a bakin taga.

Bakatsiniya:
Kuma wanda ya zuba ruwan kada ya zama shi ne mai ƙirgawa. Wani ɗalibi ya rubuta lamba a gindin kowace kwalba ya ɓoye takardar, masu ƙirga kada su san wacce ce wacce sai sun gama, domin ido yakan ga abin da zuciya ke so.

Tsohon Malamin Asibiti:
Ƙyallen tace kurkunu shi ya fi dacewa da raba ƙwarin da ruwan, don dama saboda su aka saƙa shi. Ina da guda biyu da suka rage mini a akwati, Malam ya turo wanda zai karɓa. A kuma gargaɗi yaran kada kowa ya kai ruwan nan bakinsa, su wanke hannu da sabulu bayan sun gama.